Yadda Aka Gano Aikin Ƙoda

Babu gidan da ba a san ƙoda ba a ƙasar Hausa. Ran Babbar Salla, in an feɗe ragon layya, an fid da tumbi da hanji da hanta, a kan ga waɗansu tsokoki biyu jajaye maƙale a jikin gadon baya, kitse ya lulluɓe su. Yara su kan yi rububinsu, mahauta kuma su kan tsire su tare da hanta. Amma in ka tsaya a kasuwar Batsari, ko a Babban Duhu ta ƙasar Safana, ka tambayi mutane aikin da ƙoda ke yi wa mai ita, kaɗan ne za su ba ka amsa sosai. Wannan ba abin kunya ba ne, gama manyan masanan duniya ma sun yi shekara fiye da 2,000 suna gardama a kanta kafin su gane.

Dalilin wuyar ganewarta shi ne shirun da ta ke yi. Zuciya tana bugawa a ji, huhu yana shaƙa a gani, ciki ya kan yi ƙugi in yunwa ta zo. Ƙoda kuwa ba ta motsi, ba ta ƙara, kuma ko tana lalacewa ba safai ta kan yi zafi ba. Bakin maganarta ɗaya ne, watau fitsari. Saboda haka labarin sanin ƙoda labari ne na yadda mutane suka koyi karanta fitsari sannu a hankali. Labari ne kuma da ya shafe mu, tun da ya ke ciwon ƙoda yana cin mutanenmu, maganinsa yana da tsada, yana kuma da nisa daga ƙauyukanmu.

Siffarta da aikinta

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu fara bayyana abin da aka tabbata a yau, don mai karatu ya ga inda magabata suka dace da inda suka kauce. Ɗan Adam yana da ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagun, a bayan kayan ciki, gefe da gefen ƙashin baya, daidai haƙarƙarin ƙarshe. In mutum ya riƙe ƙugu, manyan yatsunsa suna baya, ya ɗan matsa da hannuwansa sama, to, yana kusa da su. Siffar kowace kamar ƙwayar wake ce, tsawonta wajen inci 4 da rabi, nauyinta wajen giram 150. Ta dama ta ɗan fi ta hagun sauka ƙasa, domin hanta ta tokare ta daga bisa. Daga kowace ƙoda akwai wani siririn bututu, tsawonsa inci 10 zuwa 12, wanda ya gangara ya shiga mafitsara.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan 1, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, watau madubin nan mai ƙara wa ƙaramin abu girma. Kowane mataci kashi biyu ne. Akwai wani ƙulli na jijiyoyin jini masu sirantaka ƙwarai, akwai kuma wani bututu mai lauje-lauje wanda ke tarar ruwan da ya tsattsafo daga ƙullin. Duk bugun da zuciya ta yi, wajen kashi 1 cikin 5 na jinin da ta tura ƙoda ya ke nufa. Ruwan da ke tsattsafowa cikin matatan nan dare da rana ɗaya ya kai lita 180, watau jarka 9 mai cin lita 20. Alhali kuwa fitsarin da mutum ke yi a rana galibi bai fi lita 1 da rabi ba. Ina sauran ya tafi? Bututun nan mai lauje-lauje shi ke mai da shi cikin jini, tare da sukari da gishirin da jiki ke bukata, ya bar dattin ya wuce mafitsara. Misalin aikin kamar mace ce wadda ta zazzage kwandon wake duka bisa tabarma, sa'an nan ta tsince na kirki ta mayar, ta share tsakuwa da ƙwari ta zubar.

Ta haka ne ƙoda ke auna ruwan jiki. Manomin da ya yini yana sassabe cikin bazara, gumi yana zuba, ya kan ga fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, domin ƙoda ta riƙe ruwa. Ran da ya sha fura da ruwa mai yawa yana zaune a inuwa, sai fitsarin ya yi yawa ya yi fari. Ban da wannan, ƙoda tana da hannu wajen daidaita hawan jini da saukarsa, ita ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jan jini, ita ce kuma ke taimakon ƙashi ya yi ƙwari.

Mutanen da

Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun saba da kayan cikin ɗan Adam, saboda al'adarsu ta busar da gawa. Su kan cire huhu da hanta da tumbi da hanji su adana cikin tuluna, amma sau da yawa su kan bar zuciya da ƙoda a jiki. A ƙasar Yunanawa kuwa, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka yi wani likita Bukrat, wanda Turawa ke kira Hippocrates. Shi ya lura cewa in kumfa ta tsaya bisa fitsari, alama ce ta ciwon ƙoda mai daɗewa. Bai san dalilin kumfar ba, amma har yau likitoci ba su ƙaryata shi ba.

Bayansa sai Aristo, malamin Iskandari Mai Girma, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi dabbobi ya feɗe, bai feɗe mutum ba, sai ya kwatanta. Ya ce ƙodar mutum kamar ta sa ce, ya ce kuma ta dama ta fi ta hagun tsayawa bisa. Kowane mahauci ya san ƙodar sa tana da ƙulle-ƙulle kamar an harhaɗa ƙanana da yawa, ta rago kuwa sumul ta ke. To, ta babban mutum irin ta rago ce. Batun ta dama kuwa, haka abin ya ke ga dabbobi da yawa, amma ga ɗan Adam akasin haka ne. Saboda girman Aristo ba wanda ya yi ƙarfin halin dubawa, kuskuren nan ya zauna cikin littattafai shekara kusan 1,900.

Wanda ya fara gwada abin da hannunsa shi ne Jalinus, wanda Turawa ke kira Galen. An haife shi a shekarar 129 a wani birni da ke cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya zama likitan sarakunan Rum. A zamaninsa akwai waɗansu likitoci masu cewa abin da mutum ya sha ya kan zama tururi, ya ratsa cikin mafitsara, ya koma ruwa, ƙoda ba ruwanta da fitsari. Jalinus ya kamo dabba da rai, ya tsaga ta, ya ɗaure bututun nan biyu masu gangarowa daga ƙoda. Bayan an jima sai aka ga mafitsara ba kome a cikinta, bututun kuwa sun kumbura tam ta wajen ƙoda. Da ya kwance ɗaurin, mafitsara ta cika. Gani ya kori ji. Tun daga ran nan aka tabbata daga ƙoda fitsari ke fitowa.

Malaman Musulunci

Da mulkin Rum ya raunana, ilmin nan ya koma hannun mutanen Gabas. A Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙu, wanda ya rasu a 873, ya juya littattafan Jalinus da yawa zuwa Larabci. Abubakar al-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya rubuta littafi guda musamman a kan tsakuwar da ke fitowa cikin ƙoda da mafitsara. A Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi na Kurɗuba ya zana kayan aikin fiɗa na cire tsakuwar mafitsara. Ibnu Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, ya tsara wa ɗalibai yadda a ke duban fitsari cikin littafinsa Al-Ƙanun: a duba launinsa, da kaurinsa, da warinsa, da kumfarsa, da yawansa, da abin da ya kwanta a ƙasan kwalba. Turawa sun yi shekaru ɗaruruwa suna karantar da wannan littafi a makarantunsu na likita.

Littattafan ɗibbu sun ƙetaro hamada tare da fatake da alhazai har suka iso ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai da dama a kan magani, kamar na ciwon ido, da na basur, da na amfanin filasko. Cikinsu akwai wata risala a kan cututtukan ƙoda da maganinsu. Wannan ya nuna mana abu biyu. Ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a ƙasarmu, kuma shugabanninmu na da sun ɗauki lafiyar jama'a cikin nauyin da ke wuyan mai mulki. Amma duk malaman nan, tun daga Jalinus har Bello, ba wanda ya ga yadda cikin ƙoda ya ke aiki, gama idon ɗan Adam bai isa ya ga matatan ba.

Zamanin madubin likita

A ƙasar Italiya ne aka fara leƙa cikinta sosai. A 1564 Bartolomeo Eustachio ya buga littafi a kan ƙoda bayan ya feɗe gawawwakin mutane, ya nuna cewa ta dama ita ce a ƙasa, ya gyara kuskuren Aristo. A 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana cewa jini kewaya jiki ya ke yi, ya fita daga zuciya ya komo mata. Wannan ya sa aka gane jini ɗaya ne ke bi ta cikin ƙoda sau da yawa a yini. A 1662 wani saurayi mai shekara 19, Lorenzo Bellini, ya nuna cewa abin da a ke zato tsoka ce zalla, ashe ƙananan bututu ne jere da juna. Shekara 4 bayan haka, a 1666, Marcello Malpighi ya ɗura wani baƙin ruwa cikin jijiyar ƙoda, ya yanka ta, ya duba da madubi. Sai ya ga ƙananan ƙulle-ƙulle sun yi baƙi, suna rataye a jikin jijiyoyi kamar 'ya'ya a reshen itace. Su ne ƙullin matatan da muka faɗa a baya.

Masu binciken sinadari kuma suka ɗauki nasu ɓangaren. A 1773 wani Bafaranshe, Rouelle, ya dafa fitsari ya ware wani abu daga cikinsa, wanda daga baya aka sa wa suna yuriya. A 1823 Prevost da Dumas na birnin Jeniba suka buga labarin gwajin da suka yi. Sun cire wa dabbobi ƙoda duka biyu, sai suka tarar yuriya ta taru cikin jininsu. Ashe ba ƙoda ke yin ta ba, fid da ita kaɗai ta ke yi. An gane daga baya hanta ke yin ta daga ragowar abinci irin su nama da wake. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwajinsa ba tare da ƙodar kowa ba. Takin yuriya da manomin Safana ke zuba wa masara da dawa, shi ne dai abin nan da ƙodarsa ke fitarwa kullum, sai dai na buhu a masana'anta aka yi shi.

A daidai wannan zamani akwai wani likita a asibitin Guy's na birnin Landan, sunansa Richard Bright. Ya ga marasa lafiya da yawa masu kumburin ƙafa da fuska da ciki. Sai ya riƙa zuba fitsarinsu cikin cokali yana ɗorawa bisa wutar kyandir. Na waɗansu ya kan daskare kamar farin ƙwai a kasko. In waɗannan sun mutu, ya duba ƙodarsu, sai ya tarar ta lalace. A 1827 ya buga abin da ya gani, ya haɗa abu uku da ba a haɗa ba a da, watau kumburin jiki, da farin abin nan cikin fitsari, da lalacewar ƙoda. Abin da ke daskarewa furotin ne na jini, wanda lafiyayyen mataci ba ya bari ya wuce. Shi ne kuma ke kawo kumfar da Bukrat ya gani tun shekara fiye da 2,000 kafin Bright. Mai karatu ya riƙe labarin cokalin nan, za mu komo gare shi.

Saura a san yadda ƙullin Malpighi da bututun Bellini ke aiki tare. A 1842 William Bowman na Landan ya nuna cewa bakin kowane bututu ya buɗe kamar ƙoƙo ya rungumi ƙullin jijiyoyin. A cikin shekarun nan kuma Carl Ludwig na Jamus ya ce ƙarfin bugun jini ne ke matso ruwa ta ƙullin, sa'an nan bututu ya mai da mafi yawansa. A 1862 Jakob Henle ya gano wani lauje mai tsawo a tsakiyar bututun. Amma waɗansu malamai suka ƙi maganar Ludwig, suka ce bututun ne ke tatso fitsari kamar yadda hantsa ke tatso nono. Aka yi ta gardama shekara wajen 80. A 1924 ne Wearn da Richards na birnin Filadalfiya a Amurka suka ƙera wani tsinken gilas wanda ya fi gashi sirantaka, suka soka cikin ƙoƙon Bowman na kwaɗo mai rai, suka zuƙo ɗigon ruwa. Suka sami sukari a cikinsa, alhali fitsarin da ke mafitsarar kwaɗon ba sukari. Ke nan an tace, an kuma mayar, kamar yadda Ludwig ya faɗa.

Sauran ayyukanta a hankali aka gano su. A 1898 Tigerstedt da Bergman a ƙasar Suwidin suka sami wani sinadari cikin ƙoda mai sa jini ya hau. A 1934 Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar kare, jinin karen ya hau ya zauna a sama. A 1957 aka tabbata daga ƙoda saƙon ƙera jan jini ke fitowa, shi ya sa mai ciwon ƙoda ya kan yi fari fat. A 1970 aka gano ita ke ƙarasa gyaran sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Tsargiya

Akwai wani reshe na labarin nan da ya taɓa ƙasarmu kai tsaye. A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana aiki a asibitin Alkahira, ya sami wata 'yar tsutsa cikin jijiyoyin jinin wani mamaci. Ita ce ke kawo fitsarin jini, wanda mu ke kira tsargiya. A 1910 Marc Ruffer ya sami ƙwan tsutsar nan cikin ƙodar busassun gawawwakin Masar biyu waɗanda suka shekara wajen 3,000. A 1915 Robert Leiper ya gano hanyar da ta ke bi. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin ƙaramin dodon koɗi ya hayayyafa, sa'an nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Tsutsar ta kan zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. In an daɗe, ƙwan ya kan yi tabo ya ƙuntata bakin bututun da ke gangarowa daga ƙoda, fitsari ya taru baya, ƙoda ta kumbura ta lalace. Ɗaurin nan da Jalinus ya yi da zare, shi tsutsar ke yi a hankali cikin shekaru.

A shekarun 1970 likitoci daga makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, tare da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka zauna a Malumfashi suna binciken cututtukan ƙasar. Sun lura da masu shiga madatsar ruwa ta Ruwan Sanyi, suka tarar yara maza da samari su suka fi shiga, su suka fi ɗaukar cutar. Kusa da mu kuma akwai madatsar Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, wadda aka gama a 1983. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa 'yan ƙaramar sakandare a Safana da Dutsin-Ma, aka sami ƙwan tsutsar cikin fitsarin fiye da ɗalibi 1 cikin 5, mafi yawansu maza. A wurare da yawa a kan ɗauka jini a fitsarin yaro alamar balaga ce. Cuta ce, tana kuwa da magani, wata ƙwaya da a ke kira faraziƙuwantal, wadda aka samo a shekarun 1970.

Inji da dashe

Da aka san aikin ƙoda, sai aka shiga neman abin da zai tsaya a madadinta in ta gaza. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Jamus sun mamaye ƙasar Holan, wani likita Willem Kolff a garin Kampen ya haɗa wani inji da abin da ya samu. Ya naɗe wata gangar katako da siririyar fatar roba irin wadda a ke ɗura niƙaƙƙen nama a ciki, jinin mara lafiya yana bi ta cikin fatar, gangar tana juyawa cikin kwamin ruwan gishiri, datti yana tsattsafowa waje. Mutum fiye da 10 na farko da ya gwada wa sun mutu, bai fasa ba. A 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta farfaɗo ta rayu. Wannan shi ne asalin wankin ƙoda. A 1960 Belding Scribner na Amurka ya ƙera bututun da a ke dasawa a hannu, don a riƙa maimaita wankin shekara da shekaru.

Ran 23 ga Disamba, 1954, a birnin Bostan, aka cire ƙoda ɗaya daga jikin wani saurayi, Joseph Murray ya dasa wa ɗan tagwayensa. Wanda aka dasa wa ya rayu shekara 8, wanda ya bayar kuwa ya rayu har ya tsufa, gama ƙoda ɗaya lafiyayya ta isa mutum. Jiki ya kan yaƙi tsokar da ba tasa ba, shi ya sa aka fara da tagwaye. Da aka samo magungunan kwantar da wannan yaƙi, musamman daga farkon shekarun 1980, sai dashe ya yaɗu.

A Nijeriya an fara wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. An yi dashe na farko a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, sa'an nan asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa na farko a 2002. Mutanen Katsina sun san ciwon nan ba ya duban sarauta, gama marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi gwamnansu daga 1999 zuwa 2007, ya kuma shugabanci ƙasa har rasuwarsa ran 5 ga Mayu, 2010, ya daɗe yana fama da shi.

Rabon mutumin ƙauye

To, mene ne rabon mutumin Babban Duhu cikin wannan dogon bincike? Wanda ƙodarsa ta mutu yana bukatar wanki sau 3 a mako, kowane zama wajen sa'a 4, har iyakar ransa ko har a yi masa dashe. Injin yana manyan asibitoci, a Katsina ko Kano ko Zariya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta. Ko a wannan rangwame, naira 36,000 ke nan a mako, ban da kuɗin mota da magani da masauki. Ga shi kuma daga 2019 zuwa shekarun da suka biyo 'yan bindigar Dajin Rugu sun addabi ƙasar Batsari da Safana, sun kore dabbobi, sun hana noma a wurare da yawa, hanya ta zama abin tsoro. Gidan da aka kore wa shanu, me zai sayar ya kai mara lafiya Katsina sau 3 a mako?

Saboda haka rabonmu mafi girma yana wajen cokalin Bright, wanda ba shi da tsada. A yau ba a bukatar cokali da kyandir. Akwai wata 'yar takarda da ma'aikacin lafiya ke tsomawa cikin fitsari, nan take ta sake launi in akwai furotin ko jini ko sukari. Akwai kuma abin awon jini da a ke ɗaurawa a damtse. Abu biyun nan suna kama manyan maƙiyan ƙoda, watau hawan jini da ciwon sukari, tun ba su yi ɓarna ba. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji kome ba. Sa'ad da fuska ta fara kumbura da safe, ƙafa ta tasa, kasala da ƙaiƙayi da ƙin abinci suka zo, sau da yawa an makara. Don haka wanda ya kai shekara 40, da mai juna biyu, da wanda iyayensa suka yi hawan jini ko ciwon sukari, ya kamata ya je a auna shi ko da yana jin ƙarfi.

Sauran matakan duk suna hannunmu. Mai aiki a rana ya sha ruwa isasshe, in kuwa azumi ya faɗo cikin bazara ya rama tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai amai da gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari tun da wuri, gama bushewar jiki tana tsai da ƙoda cikin kwana kaɗan. Haka zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da saran kububuwa, da zubar jini wajen haihuwa, duk a gaggauta kai su asibiti. A rage gishiri da kanwa a abinci. Yaron da ya yi fitsarin jini a nema masa ƙwayar tsargiya, a kuma hana yin fitsari a tafki. A yi hattara da ƙwayoyin kashe ciwon jiki da a ke saye hannun 'yan talla a sha kullum, da jiƙon da ba a san ma'auninsa ba, da man canza launin fata, wanda waɗansu irinsa akwai zaiba a ciki. Kada a manta da abin da ya faru a 2008 da farkon 2009, sa'ad da wani gurɓataccen maganin haƙoran jarirai ya tsai da ƙodar yara a Nijeriya, har 84 suka mutu, waɗansunsu a Zariya.

Wannan aiki ba na likita kaɗai ba ne. Tun daga Yariman Katsina, Hakimin Safana, da Sarkin Ruma, Hakimin Batsari, har zuwa dagatai da masu unguwa da limamai da malaman makaranta, kowa yana da bakin da jama'a ke ji. Sarkin Musulmi Bello bai ga ƙasƙanci ba wajen ɗaukar alƙalami ya yi rubutu a kan ƙoda. In shugabannin yau suka tsaya har kowane ɗakin shan magani na ƙauye ya sami takardar gwajin fitsari da abin awon jini da ƙwayar tsargiya, to, wahalar da Jalinus da Ibnu Sina da Bright suka sha ta iso gare mu ke nan. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.